Dajin da igwa ke gadi

Tun ba a rarrabe farin zare da baƙi ba muka bar garin Fayetteville, mu huɗu cikin wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, da tsani ɗaure a bisa. Ƙarshen watan Mayu ne na shekarar 2023. A bakin ƙofar barikin Fort Bragg, cikin jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, aka karɓi fasfona aka duba, aka nemo sunana cikin takardar baƙi, sannan aka ba mu hanya. Abin da na sa rai in gani shi ne abin da kowa ya sani game da bariki, wato fareti, da kamyo-kamyo jere, da samari masu askin kwal-kwabo suna gudun safe. Na kuwa gan su, gama sojojin da ke wurin sun tasam ma dubu 50, kuma nan ne gidan mayaƙan laima na Amurka. Amma ba mu yi tafiyar rabin awa ba sai gine-gine suka ƙare, kwalta ta ƙare, muka faɗa hanyar rairayi fari tas kamar na gulbin Maraɗi da rani. Daga nan sai daji iyakar ganinka.

Mai karatu, mutanen da na bi a ranar ba sojoji ba ne, ko da yake daga aljihun ma'aikatar tsaro ake biyan aikinsu. Masana namun daji ne, kuma abin da suka fito yi da asubar fari shi ne ƙidayar tsuntsaye. Na san wani ɗan kasuwa zai yi dariya ya ce ƙoshi ne ya yi wa Amurkawa yawa. Ni ma da wannan tunani na shiga motar.

Faɗin barikin ya haura murabba'in kilomita 600. An kafa shi a 1918 domin koyon harba igwa, kuma abin da ya sa aka zaɓi wurin shi ne jigawa ce, ƙasa mai araha wadda noma bai cika albarka a cikinta ba, ga shi ana iya atisaye rani da damina. Iccen da ya mamaye jigawar wani irin pin ne, kamar yadda Faransawa ke kiran danginsa, dogo, miƙaƙƙe sambal, ba shi da reshe sai can ƙoli, ganyensa kuwa allurai ne masu tsawon da kan kai har kamu ɗaya. Itatuwan ba su cunkushe ba. Tsakaninsu fili ne mai ciyawa iya gwiwa, rana na sauka har ƙasa, mahayin doki zai iya sukuwa a ciki ba abin da zai taɓa masa hula. A dā irin wannan daji ya shimfiɗu daga Virginia har Texas, hekta wajen miliyan 36. Aka tsage jikin itatuwan ana tatsar ƙaronsu domin yin kwaltar liƙe jiragen ruwa, aka sare su domin katako, aka mai da wurin gonaki da garuruwa, har abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Cikin ɗan abin da ya tsira, yanki mai kyau yana bayan shingen soja, inda garma ba ta shiga, mai sayar da filaye kuma bai isa ya kafa turke ba.

Shinge kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. Wannan daji, wuta ce uwarsa. Ɗan iccen yakan yi shekaru yana kama da tushen ciyawa, ba ya tsawo, saiwa kawai yake turawa ƙasa, alluransa sun lulluɓe tohonsa yadda wuta za ta wuce ta bisa ba ta kashe shi ba. Sauran itatuwa masu faɗin ganye ba su da wannan dabara, wuta na cinye su tun suna ƙanana. A zamanin dā tsawa ce ke kunna wutar, da kuma mutanen ƙasar na asali. Da gwamnatin Amurka ta ɗauki aƙidar kashe kowace wutar daji a ƙarni na 20, sai kurmi ya taso ya shaƙe dajin a kusan ko'ina. A bariki kuwa wuta ba ta daina tashi ba, gama harsashin igwa da harsashi mai haske ba su san wata aƙida ba. Abin da tsawa ta bari, igwa ta ci gaba da yi, ba da niyya ba.

Muka tsaya gindin wani icce da aka zagaye da farin fenti layi biyu. Shugabar tawagar, wata mace mai furfura da takalmin daji, ta nuna mini sama. Na ɗaga kai, na ga jikin iccen ya yi fari-fari yana ƙyalli kamar kyandir da ya narke ya zubo, can tsakiyar ƙyallin kuma ga wani rami da bai fi bakin kofin shayi ba. Gidan maƙwaƙƙwafi ke nan, wanda saboda shi aka taso mu da asuba.

Tsuntsun ba wani abin kallo ba ne. Tsawonsa kamar santimita 20, baya baƙi da ratsin fari, kumatu fari. Namijin yana da wani ɗan jan zane a gefen kai wanda daga gare shi aka samo sunansa a Ingilishi, amma sai ka riƙe shi a hannu kafin ka gani. Abin mamakin yana cikin zamansa. Sauran danginsa galibi mataccen icce suke sassaƙa, mai taushi, su gama cikin ƴan makonni. Shi kuwa sai rayayye, kuma tsoho wanda ya shekara 80 ko fiye, wanda wata cuta ta riga ta tausasa masa zuciya. Rami guda yakan ci masa shekaru, gama duk lokacin da ya huda sai ƙaro ya kwararo, dole ya dakata ya bushe. In ya gama, kullum sai ya tsattsage ɓawon da ke kewaye da ƙofar don ƙaron ya riƙa zuba. Akwai wani maciji a dajin da ya iya hawan icce, ƙwai da ƴan tsaki yake nema. In ya iso wurin ƙaron sai ya shiga tsakanin ɓawon cikinsa, ya gantsare ya faɗo.

Ramin da aka sha wannan wahala kafin a same shi ya zama dukiya, dukiya kuwa ita ke kawo zancen gado. Nan ne na ga abin da ya sa na saki baki, domin tsuntsun nan gandu yake yi. Uba da uwa ne ke haihuwa, amma ƴaƴa maza na bara da na bara waccan sau da yawa ba su barin gida. Sukan zauna su taya kwanci, su taya ciyar da ƙannensu, su tsare iyakar gida, kowa da ramin da yake kwana, har ran da uban ya mutu ɗaya ya gaje shi, ko wani gida na maƙwabta ya zama ba namiji ya koma can. Ƴaƴa mata su ne galibi ke fita neman gidan miji. Gida ɗaya yana bukatar daji hekta 50 ko fiye don ya ci ya ƙoshi. Saboda haka masu ƙidaya ba kai suke ƙirgawa ba, gida suke ƙirgawa, kamar yadda mai gari ke yi lokacin bodo.

Ga yadda aikin yake. Wani saurayi ya ciro wata sanda mai zuƙewa, ya yi ta jan ta har ta kai bakin ramin. A kanta akwai ƴar kyamara, hoton kuwa yana fitowa a wani ɗan allo da ke hannunsa. Muka leƙa: ƴan tsaki 3, tsirara, jajaye, idonsu bai buɗe ba. Aka duba kaye, aka ga kwanansu ya kai na sa zobe, wato mako guda ko ɗan fiye. Sai aka harhaɗa tsani gaɓa-gaɓa ana ɗaure shi a jikin iccen, saurayin ya hau da ɗamara a ƙugu, ya zura wani tarko na lallausan zare, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya sa cikin jaka. A ƙasa aka auna nauyin kowane, aka sa masa zoben ƙarfe mai lamba da zobban roba masu launi, kowa da jerin launinsa, yadda gobe in an hango shi da madubin hangen nesa za a san ko ɗan wane gida ne. Uwayen suna bisa wani reshe suna ta tsiwa. Ba a yi minti 20 ba aka mai da su. Hannun saurayin da rigarsa duk sun yi danƙo, ya ce ba sabulun da ke fid da shi.

Haka ake bi gida-gida, daga Afrilu har Yuli, kowace shekara. A wannan jigawa an fara sa wa tsuntsayen zobe tun wajen 1980, har ya zama akwai gidajen da aka san asalinsu kaka da kakanni, abin da da yawa cikinmu ba mu iya kawowa game da namu dangin. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi ya san ƙimar rajistar da ba ta yanke ba shekara 40, ya kuma san yadda take da wuyar samu.

Kada mai karatu ya zaci tausayi ne ya sa janar-janar suka rungumi tsuntsu. Doka ce ta kama su. An sa maƙwaƙƙwafin cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a 1970, dokar kare irin waɗannan halittu ta fito a 1973, kuma ba ta ware soja ba. A 1990 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yanke cewa yadda ake tafiyar da barikin yana jefa tsuntsun cikin hatsari. Aka rufe wasu filayen harbi, aka shafa wa itatuwa farin fenti, aka hana haƙa rami ko kafa sansani cikin mita 60 daga kowane icce mai gida. Ka ƙiyasta ran kwamandan da aka ce ya karkata tankokinsa saboda abin da bai kai tafin hannu ba. A lokacin gidajen da ke barikin ba su kai 250 ba.

Abin da ya fid da kowa kunya dabara biyu ce. Ta farko, aka koma kunna wuta da gangan, kowane yanki kamar sau ɗaya cikin shekara 3, da ma'aikata da motocin ruwa, ana duba iska kafin a kunna, ana share gindin itatuwa masu gida don kada ƙaron ya kama. Ta biyu, masana suka koyi yi wa tsuntsun rami da kansu, ko su huda da na'ura, ko su yanke gurbi a jikin icce su cusa akwatin katako. Dabarar ta nuna amfaninta bayan guguwar Hugo ta 1989, wadda ta kakkarye galibin itatuwa masu gida a wani gandun daji na Karolina ta Kudu. Aikin da kan ci tsuntsu shekaru ya koma na awa guda. A 2005 aka cika burin gida 350 da aka ɗora wa barikin da kewayensa, shekara 5 kafin wa'adi, daga baya kuma aka sassauta yawancin hane-hanen. Sojan ma ya gano cewa dajin da aka ƙone ƙarƙashinsa ya fi daɗin atisaye bisa kurmin da ba a ganin gaba. A watan Oktoba na 2024 aka sauko da tsuntsun daga matakin bakin ƙarewa zuwa matakin da ke ƙasa da shi, wato har yanzu ana tsaronsa, amma an ce ya fita daga ɗakin masu rai-kwakwai.

Akwai wani gefe na labarin da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Da dokar ta tsananta, wasu masu filaye a wajen bariki suka lissafa cewa in tsuntsun ya sauka a dajinsu an hana su sayar da katako ke nan, sai suka riƙa sare itatuwansu tun ba su tsufa ba. Dokar da aka yi don ceto ta koma tana kashewa. A 1995, a wannan jigawa, aka fara wata yarjejeniya: mai fili ya gyara dajinsa, in tsuntsaye sun ƙaru ba za a ɗora masa nauyin ƙarin ba. Sojan kuma ya shiga haɗa kuɗi da ƙungiyoyin kare daji ana sayen filayen da ke bakin shingensa. Tsuntsu ya sami wurin yaɗuwa, bariki ya tsira daga unguwannin da za su matso su fara ƙarar cewa igwa ta hana su barci. Kowa ya ci ribarsa, shi ya sa cinikin ya ɗore.

A nan zan ja hankalin mai karatu kaɗan. Kada wani ya ce ai ga Amurkawa na cinna wa daji wuta, don me ma'aikatan gandun dajinmu ke kama mai yin haka. Ruwan da ke sauka a can ya haura milimita 1000 a shekara, ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu a shekara mai kyau, ciyawa kuwa takan toho cikin ƴan kwanaki. Wutar da ta tashi a Dakwaro ko Abalak bayan kaka abincin dabbobi na wata 8 take lashewa. Ba irin wutar ba ce, ba irin dajin ba ne.

Kwana na biyu aka kai ni ganin abin da ya fi maƙwaƙƙwafin wuyar samu, bayan an roƙe ni kada in rubuta inda wurin yake. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne, ruwan ƙasa, faɗinsa da fukafukai buɗe kamar santimita 4, da ƴan ɗige-ɗige kamar idanu a ƙarƙashin fiffike. Sunan waliyyin Kirista Faransis aka ba shi. An gano shi a 1983, masu tara irin waɗannan ƙwari don sha'awa ko sayarwa suka yi masa ca, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1992 aka sake ganinsa, a 1994 aka sa shi cikin jerin da doka ke karewa. Duk duniya ba a san inda yake ba sai cikin wannan bariki, kuma mafi yawansa yana tsakiyar filin da harsashin igwa ke sauka.

Dalili shi ne tsutsarsa wata ciyawar fadama take ci, ciyawar kuwa tana son wuri mai laima da rana. Fadama irin wannan, abu biyu ke yin ta. Akwai wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton gyazbi, mai faffaɗan wutsiya, Faransawa na ce mata kastor, wadda ke datse rafi da itace. Ruwa ya taru ya kashe itatuwa, in ta tashi datsin ya fashe sai wurin ya zama fadama. Sai kuma wuta, wadda ke hana itatuwa dawowa. Mafarauta sun ƙarar da dabbar a jihar a ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1939 aka sake kawo ta. Wani masani da ya daɗe kan wannan ƙwaro, Nick Haddad, ya bayyana cikin littafin da ya fitar a 2019 yadda suka yi kuskure da farko: wuraren da suka killace suka hana wuta da ruwa taɓawa, don tsananin so, nan ne ƙwaron ya ɓace, alhali inda ake ruwan bama-bamai yana nan. Yanzu da hannu suke kwaikwayon ɓarnar, su sare itatuwa, su datse rafi.

Cikin filin igwar kuwa ba a shiga sai ƴan kwanaki a shekara, in an tsai da harbi, kuma sai da rakiyar masu kwance bam, gama ƙasar cike take da harsasan da ba su fashe ba. Ni ba a kai ni can ba, ban kuma roƙa ba. Wata fadamar da aka gyara a waje muka je. An shimfiɗa katako a bisa laka don kada a tattake ciyawar, mai ƙidaya na tafe a hankali yana kaɗa ciyawa da sanda, duk wanda ya tashi a rubuta. Babban ba ya wuce ƴan kwanaki a raye, saboda haka wanda ya makara mako biyu sai ya jira zuriya ta gaba a watan Yuli ko Agusta. Muka yi awa guda cikin zafi mai gumi irin na Gaya da damina. Guda 2 muka gani. Na farkon ma ban gan shi ba sai da aka kama kafaɗata aka juya ni. Wani abu ne kamar busasshen ganye ya yi tsalle-tsalle bisa ciyawa ya faɗa. Da na koma masauki na cire kaska 4 a ƙafafuna.

A bakin wannan fadama aka nuna mini wani tsiro mai ganye kamar baki da haƙora, wanda ke rufewa in ƙuda ya sauka ya narkar da shi. A Karolina biyun nan kaɗai yake fitowa da kansa, kuma tun 2014 satarsa babban laifi ne a jihar. Shi ma wuta yake jira.

Ba Fort Bragg kaɗai ba ne. Ma'aikatar tsaron Amurka na riƙe da fili sama da hekta miliyan 10, kuma bincike ya nuna cewa in aka auna da faɗin ƙasa, halittun da ke cikin hatsari sun fi yawa a filayen soja bisa gandayen shaƙatawa na ƙasa. Wata doka ta 1960, wadda aka ƙarfafa a 1997, ta wajabta wa kowane bariki mai daji ya rubuta tsarin kula da shi tare da hukumomin namun daji. A ganina nan ne gaɓar take. Igwa ta tsare dajin bisa tsautsayi, abin da tsautsayi ya ba ka kuwa tsautsayi na iya karɓewa. Ran da aka ce a gina sabon filin harbi, ba mai tsayawa tsuntsun da ba a san adadinsa ba. Sai da aka ƙirga, aka rubuta, aka sa lamba a taswira, sannan abin ya zama bashi a wuyan hukuma. Mu ma mun ga haka a Kure, inda raƙuman dawa suka rage 49 a 1996, aka bi su ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hoton zanen jikinsu, har suka haura 600.

Duk da haka ban iya sakin jiki a dajin nan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Sojojin Amurka 4 da suka mutu tare da namu a Tongo Tongo ran 4 ga Oktoba 2017, daga wata runduna ta wannan bariki suka fito. Watakila a ƙarƙashin waɗannan itatuwa masu farin fenti suka koyi rarrafe. Wutar da ke raya ciyawar fadama, an kunna ta ne wajen koyon yadda za a kashe mutum daga nisan kilomita 20, kuma ba don malam-buɗe-littafi ake sayen harsashin ba. Na faɗa wa shugabar tawagar haka a hanyarmu ta komawa. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma ba da amsa ba, ta ci gaba da tuƙi.

Tun bayan ziyarata abubuwa sun juya. Sojojin Amurka sun bar Nijar a 2024. Barikin kansa ya sake suna sau biyu: kwanaki kaɗan bayan tafiyata, a watan Yuni na 2023, aka cire sunan Braxton Bragg, janar ɗin da ya yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe bayi, aka sa masa Fort Liberty; a 2025 aka mai da Bragg, aka ce wannan karon don girmama wani sojan laima na yaƙin duniya na biyu mai suna Roland Bragg. An sauke alluna an kafa alluna, an sake buga takardun biro. Lambobin da ke jikin itatuwa ba a taɓa su ba.

Yammacin kwana na uku muka koma gidan da aka sa wa zobe, domin a tabbatar da manyan da ke cikinsa. Lokacin da ya fi dacewa ke nan, gama kowane tsuntsu yakan dawo raminsa dab da faɗuwar rana. Aka kafa madubi bisa ƙafafunsa uku, aka ba kowa iccen da zai tsare, aka ce kada in yi motsi. Can yamma igwa na ta gurnani, ƙasa na ɗan girgiza a tafin ƙafa, wani jirgi mai saukar ungulu ya wuce ƙasa-ƙasa. Sai muka ji kukansu daga nesa, suka iso tare. Wanda ya zo iccena ya sauka ƙasa da ramin, ya hau da tsalle, ya tsaya yana saran ɓawo har sabon ƙaro ya tsattsafo, saurayin na karanto launin zobbansa a hankali, shugabar na rubutawa. Uba ne, da uwa, da ɗa guda na bara. Ya leƙa ramin sau biyu, ya shige. Aka rufe kaye, muka naɗe madubi, muka nufi mota tun ba a rufe hanyar ba.